Ludayin Gidan Arzika

Ranar da muka koma ƙauyen Tsoho Arzika don mu ga ko yana shan hura da abin da na ƙera masa ba ta taɓa fita kaina ba. Ku da kuka zo aikin nan daga baya kuna jin ana cewa maɗaurin Rakiya. Kuna yanka shi, kuna ɗinka shi, ba ku san inda ya fito ba. Ni na sani, don ina wurin.

Sunana Tankari. Ban yi lakwal ba, ban taɓa shiga aji ba. Ƙafata ta hagu na baro ta a hanyar kurmi, can kudu, ƙarƙashin motar goro da ta kife da mu. Wasu sun mutu a wurin, ni na tashi. Da na dawo Filinge ba wanda ya ba ni ƙafa. Na sassaƙa ta da iccen aduwa, na yi mata tafi da tsohuwar taya. Da ita na zauna bakin kasuwa ina facin keke da amalanke, har majo na wancan lokacin ya gan ta. Ya ƙwanƙwasa ta da makullin mota, ya ce in zo ɗakin gyaran naƙasassu na gidan likita. Majo shi ne babban ma'aikacin jinya, shi ke raba aiki. A takarda ni lebura ne, ƙasa da ni sai mai shara. Amma duk sanda, duk kujerar yaro, duk takalmin gurgu da ya fita daga ɗakin nan a shekarun can, daga hannuna ya fita. Daga Damana har Bonkuku, in ka ga mai ɗingishi da sanda mai kyau, ka tambaye shi wa ya yi ta.

Bayan girbin wata shekara aka turo mana wata mata daga Yamai ta ba mu horo. Madam Zalika muke ce mata. Aikinta ba miƙe ƙafa ba ne, ba tausa ba ne. Ita mutumin da ciwo ya raba da aikin hannunsa take mayarwa ga aikin: ya ci abinci da kansa, ya sa riga, ya yi alwala. Ta ce kayan da ake kawowa daga waje sun yi mana nisa, in sun lalace ba mai gyarawa, don haka za mu koyi ƙera namu.

Dokokinta ba su da yawa. Ba a aiki sai da abin da ake samu a kasuwar Lahadi ko a kan bola. Ba a ƙera komai sai an je gidan mai ciwo an tambaye shi abin da ya fi so ya koma yi. Kowane mai ciwo a ba shi ma'aikata biyu, kowa ya yi nasa, a bar masa duka biyun, a dawo daga baya.

"Ba ni zan zaɓa ba," in ji ta. "Wanda na iske da dauɗa, shi ya ci. Wanda na iske sabo, ya faɗi. Wanda ya ci kuma, shi zan koya wa ma'aikatan sauran garuruwa, da sunan mai shi."

Da sunan mai shi. Wannan maganar ce ta shiga kunnena ta zauna. Na daɗe ina ƙera abu ana cewa na gidan likita ne.

Aka haɗa ni da Rakiya. Yarinya ce 'yar Bonkuku, ta yi lakwal, ba ta daɗe da fara aiki a matsayin mai taimakon jinya ba. Sanda ta zo ko wuƙa ba ta iya riƙewa ba. Ni na nuna mata a jiƙa wuƙa da ruwa kafin a yanka roba. Baba Tankari take ce mini, takan kawo mini goro. A lokacin ba ni da komai da ita.

Mai ciwon ni na roƙi majo a ba mu shi, don nawa ne. Tsoho Arzika manomi ne a wani ƙauye bayan Tabla. Da damina hawan jini ya kayar da shi a gona, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ni na yi masa sanda mai ƙafa uku da ya fara takawa da ita. Tun daga nan ba ya kiran sunana, sai dai ya ce Maƙerina.

Muka tafi a motar likita, ni da Madam da Rakiya. Muka iske shi a ƙofar ɗakinsa kan tabarma, ya rame har na ga ƙashin wuyansa. Ƙannensa biyu, Nomau da Gado, suka zo suka zauna. Madam ta duba hannun. Yana ɗaga shi har baki, amma yatsun ba sa rufewa. Duk abin da aka sa masa a tafi sai ya zame.

"Baba, me ka fi so ka koma yi?" in ji Madam.

"In sha hura da hannuna."

"Hagun naka ai lafiya take. Ka gwada da ita?"

Ya dube ta. "Ɗiyata, hagu tana da aikinta."

Gado ya yi dariya, Nomau ya harare shi. Madam ta ce ta ji, ba za ta sake ba.

Na fito da igiyar rama na auna hannun. Faɗin tafi, kaurin wuyan hannu, tsawon yatsu, kowanne na ƙulla masa ƙulli. Na ɗago in ce wa Rakiya ta riƙe mini bakin igiya, sai na ga ba ta nan. Ta shige cikin gida wurin mata. Ba ta fito ba sai da muka gama, hannuwanta a jiƙe.

"Aiki muka zo, ba hira ba," na ce.

"Aikin na gano, Baba."

Tsohon ya ce, "Wagga jika tawa! An kawo ta duba ni, ta ɓige da wankin ƙore."

"To, Kaka, mi zan duba?" in ji ta. "Kai da ba ka cin abinci, ƙashi kaɗai ya rage."

Ya yi dariya da rabin baki. Ban ji daɗi ba. Tun da ya kwanta ban taɓa sa shi dariya ba, ita zuwa ɗaya ta yi.

Da muka dawo na zuba duk abin da na sani cikin aikin. Na zagaya kasuwa na zaɓi ludayi marar nauyi, mai zurfi daidai bakin tsoho. Na naɗe mariƙinsa da robar taya har ya cika tafin hannu. Na gasa shi kaɗan na karkatar da kansa wajen baki, don kada ya wahala juya hannu. Na yi masa maɗauri na fata da maɓallin tsohon takalmi, a ɗaure shi a bayan hannu, ko girgiza aka yi ba ya faɗuwa. Sannan na nemo ƙaramar ƙwarya, na yanka mata gammo daga gefen taya, na kafe gammon kan katako don kada ta zame in ludayi ya taɓa ta. Na kankare komai da fasasshiyar kwalba har ya yi santsi.

'Yan ɗakin suka taru a kaina. Majo ya ɗaura a nasa hannun ya gwada da ruwa. Madam ta juya shi ta sake juyawa, ta ce ba ta ga irinsa ba ko a Yamai.

Rakiya kuwa yini ɗaya ta yi. Ta yanko ƙafar tsohon wandon kaki, ta ninka, ta ɗinka da allura da zaren tela. Zobe ne na tsumma da ake zura hannu ciki, da 'yar roba a baya don ya kama, da siririn aljihu a gicciye ta wajen tafi. Ba ludayi, ba ƙwarya. Ɗinkin ma a karkace.

Na ɗauka da yatsu biyu gaban kowa. "Wanga ɗinki ba ya kai kasuwa biyu."

"In ya yage sai in kawo maka, Baba," ta ce.

Aka yi dariya. Na ɗauka ita ake yi wa.

Ranar kai kaya na durƙusa gaban Arzika na ɗaura masa ludayin da kaina. Aka zuba hura cikin ƙwaryata. Ya ɗebo, ya kai baki, ko ɗigo bai zuba ba. Nomau ya ce masha Allah. Tsohon ya ce, "Maƙerina, Allah shi yi maka albarka." Na kwance masa, na nuna wa Nomau yadda ake ɗaurawa da yadda ake kwancewa.

Rakiya ta zura wa tsohon nata. Ya dube shi sama da ƙasa.

"Wanga tsumma hwa?"

Ta karɓo wani tsohon ludayi daga hannun matarsa, ta soka mariƙin cikin aljihun, ta zare, ta sake sokawa. Sau ɗaya ta nuna masa.

"Aje shi ƙarƙashin tabarma, Kaka. In rana ta yi tsaka ka tuna da shi."

Na gani da idona, ban kawo komai a raina ba. A kwanakin da suka biyo ina tafe cikin gari ina jin kamar ƙafar aduwa ta zama ta nama. Har na fara tunanin yadda za a faɗi abin a Damana: ludayin Tankari.

Madam ce ta zaɓi lokacin komawa. Ta ce da rana tsaka, kuma kada a aika musu muna zuwa.

Muka bar mota a bakin gari muka taka. Ba mu iske shi a ƙofar ɗaki ba. Yana ƙarƙashin rumfa a ƙofar gida, shi da Nomau da Gado da wani maƙwabcinsu. Babbar ƙwarya ɗaya a tsakiyarsu, rufe da faifai. Ludayi ɗaya a kan faifan. Suka ce mu ƙaraso, ba su tashi ba, don an riga an wanke hannu.

Tsumman Rakiya yana hannunsa na dama. Ya yi baƙi, hura ta bushe a gefensa.

Gado ya ɗage faifan. Arzika ya miƙa hannu, Nomau ya soka masa mariƙin ludayin cikin aljihun. Tsohon ya yi bisimilla, ya motsa hurar, ya ɗebo ya sha, ya ƙara. Sai ya karkata hannun wajen Nomau. Nomau ya zare ludayin ya sha nasa, ya miƙa wa Gado, Gado ya miƙa wa maƙwabcin. Ludayin ya zagayo ya dawo aljihun tsoho. Ba wanda ya yi magana a kai. Kamar haka suke yi tun da.

Na nemi nawa da ido. Yana rataye jikin zana, fatar tana ƙyalli yadda na bar ta. Zanzaro har ya fara gini a cikinsa.

Ba ni da hali na ɓoye magana. Na ce, "Tsoho, ludayina ya yi maka laihi?"

Ya goge baki da kafaɗa. "Maƙerina, ludayinka ya hi na kowa kyau. Amma na mutum ɗaya na."

"Ai mutum ɗaya ka ciwo."

"Mutum ɗaya ka ciwo, amma ba mutum ɗaya ka shan hura ba. Tun da ubanmu ya rasu ni ka buɗa ƙwaryagga. Ni ka sha, in miƙa ma Nomau. Naka in an ɗaura shi, ɗaurarre na. In kwance, in ba wa? Su jira ni ana ta hwama da maɓalli?"

"Shi ya sa na yi maka taka ƙwarya."

Nan fuskarsa ta canza. "Ƙwarya daban, a gidanga, mai tari aka ba. Ko baƙon da ba a san cutar da ya zo da ita ba. Ni hannu ya mutu min, Maƙerina. Ban zama abin ƙyama ba."

Matarsa tana bayan zana, ta ɗaga murya. "Ai na gaya ma yarinyar tun zuwan hwarko. Ƙwaryar da aka kai mishi shi kaɗai, yadda ta tahi haka taka dawowa. Ni ka wanke ta, na sani."

Gado ya ga na yi tsaye kamar icce. Ya nuna ƙasan babbar ƙwaryar. "Kak ka damu, maigida. Gammonka dai ya yi. Duba, ko rawa ba ta yi."

Na duba. Sun ɓamɓare gammon tayar daga katako sun sa a ƙarƙashin ƙwaryarsu. Aikin da na ƙare ƙarfina a kai, abin da ya tsira daga ciki shi ne gutsuren taya.

Madam ta durƙusa ta kama hannun tsohon, ta juya tsumman, ta sunsuna shi, ta yi dariya. Ba ta je wajen zana ba ma. Rakiya tana gefe tana kallon ƙasa. Da ta yi mini dariya da ya fi mini sauƙi. Abin ya yi mini zafi. Motar goro ta danne ni ban yi kuka ba, amma ran nan sai da na ciji leɓe. Yarinyar da na koya wa jiƙa wuƙa. Tsohon da na tsayar da ƙafafunsa. Da ƙafar wando ta kayar da ni.

"Zamna, Maƙerina," in ji Arzika. "Ba a tsayuwa bisa kan hura."

Na zauna, na miƙe ƙafar aduwa gefe. Ya sha, ya karkato hannun wajena, ya tsallake Nomau. Na zare ludayin daga aljihun. Ya fito ba gardama.

Rabona da shan hura a ƙwarya ɗaya da mutane tun kafin in tafi kurmi. Da na dawo gidanmu ya watse, ban yi aure ba. A kasuwa nake ci, wurin mai tuwo, kwanona daban, fuskata ga bango. Shekara da shekaru haka. Da na zauna ƙera wa Arzika abin shan hura, irin cin da na sani na ƙera masa.

Na sha. Hurar ta yi tsami daidai, ta sha nono. Na riƙe ludayin ina kallonsa.

"Kai baƙo, miƙo hwa," in ji Nomau. "Ba naka ba na."

Suka kwashe da dariya, har matar bayan zana. Na miƙa.

Muka shiga mota. Rakiya ta miƙo mini goro, na ce haƙorina na ciwo. Washegari gaban majo da duk 'yan ɗakin, Madam ta ɗaga irin tsumman ta ce daga yau sunansa maɗaurin Rakiya. Ta ce ba ludayi kaɗai ba, aljihun yana ɗaukar cokali, asuwaki, alƙalamin allo. Aka tafa. Ni ma na tafa, don majo yana kallona.

Ɗinkin bai kai kasuwa biyu ba. Ran Lahadi Nomau ya zo da shi a aljihun riga, aljihun tsumman ya rabe daga gefe zuwa gefe. Ya ce tsoho ya koma ƙofar ɗaki tun shekaranjiya, ƙwarya tana dawowa a cike. Na ji daɗin yagewar. Wanda ya ce bai taɓa jin irin wannan daɗin ba, bai taɓa ƙera abu aka ƙi ba.

Rakiya ta kawo shi ta ajiye kan teburina.

"Baba Tankari, ka ce zai yage."

"Na ce."

"To, ga shi."

"Ai naki ne. Sunanki ke kai."

"Sunana ba ya riƙe ludayi, Baba. Kaka bai ci komai ba."

Ta fita. Nomau yana tsaye bakin ƙofa, yana jiran motar kasuwa ta cika. Na dubi tsumman. Na tuna ƙashin wuyan tsohon.

Na je wurin dukawa na samo fatar akuya mai laushi. Igiyar awona tana nan da ƙulle-ƙullenta, na yanka daidai hannunsa. Na ɗinka da zaren takalmi, ninki biyu. Bakin aljihun na sa masa siririn yanki daga fasasshiyar jarka, ya tsaya a buɗe, yadda tsohon zai dafa mariƙin a gwiwa ya soka da kansa, ba sai Nomau ya taimake shi ba. Kafin motar ta tashi na damƙa wa Nomau. Irinsa kuke yankawa yau. Na kaki ba a sake yin sa ba.

A raina na ce yanzu sunan zai gyaru. Ko a ce na Tankari, ko a haɗa mu.

Lahadi ta zagayo, Nomau ya leƙo ɗakin da 'yar jakar wake a hannu. Ya gaishe ni da kyau, ya tambayi ƙafa. Sannan ya ce, "Ina Rakiya? Tsoho ya ce a gaishe ta. Ya ce sabon maɗaurin nata ya hi na da, shi ka sa ludayi da kanshi yanzu. Ga wake ya aiko mata." Ya juya zai fita, sai ya tuna. Ya zaro ludayina daga cikin riga. "Wanga kuma ya ce a maido maka, kak ya lalace a banza."

Rakiya ta ce masa ni na yi sabon. Gaban kowa ta faɗa, ba sau ɗaya ba. Ta raba waken biyu ta ba ni rabi. Ba abin da ya canza. Suna in ya kama baki ya kama. Yau ita ce shugabar ɗakin nan, ita ke ba ni izinin hutu. Mutumiyar kirki ce, ban taɓa ce muku ba haka ba. Amma duk sanda na ji wani baƙo daga Damana ya ce a ba shi maɗaurin Rakiya, sai zafin nan ya dawo mini. Na daina jiran ya daina.

Abin da nake so ku ɗauka ke nan. In an tura ku gidan mai ciwo, ku bar igiyar awo a aljihu tukuna. Ku zauna har rana ta yi tsaka, ku ga da wa yake ci, wa ke miƙa masa, shi wa yake miƙa wa. Ku shiga ku tambayi mai wanke ƙore. Mutanenmu ba za su ce muku abinku bai yi ba. Za su sa muku albarka, su rataye shi jikin zana. Kuma in abokin aikinku ya rigaye ku gani, za ku ji zafi. Ku ji zafinku, amma ku ɗinka masa abin da kyau, don hannun da zai sa shi ba ruwansa da ku biyun.

Tsoho Arzika ya sha damina da yawa bayan nan kafin Allah ya ɗauke shi, kuma har ƙarshe shi ke buɗe ƙwaryar gidansu. Ludayin nawa ga shi can kan ƙusa. Na fasa ginin zanzaron, na cire maɓallin. Da shi nake shan hurata da rana in kun fita. Na mutum ɗaya ne, kuma ya yi mini daidai.